Takarda ta ce motar lafiya lau, amma wa ya duba ta?

A cikin aljihun gaban motata akwai wata takarda mai hatimi da sa hannu, wadda take shaida wa duk wanda ya karanta ta cewa an duba motar, an same ta lafiya lau, ta cancanci hawa titi. Ranar da aka rubuta takardar nan, motar tana garejin bakanike, an ɗage gabanta, an cire mata ƙafa guda. Na san haka domin ni na kai ta da kaina. Abin da na yi shi ne na miƙa kuɗi da tsofaffin takardu ga wani yaro daga cikin masu kai-da-kawo a bakin ofisoshi, kafin la'asar ya kawo mini sababbi a cikin leda. Ban tambaye shi wanda ya duba motar ba, shi ma bai yi mini ƙaryar an duba ta ba. Kowa a cikinmu ya san cinikin da aka yi.

Bayan wata huɗu, ina kan hanyar zuwa ta'aziyya Jahun, na wuce Kiyawa da ɗan nisa, rana ta take, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a bayana. Motar ta ja ni hagu, na riƙe sitiyari da iyakar ƙarfina, Allah ya sa ban danna birki ba, kuma Allah ya sa babu abin da ke tahowa ta ɗaya hannun. Mu huɗu ne a ciki, har da wata gwaggona da ta haura shekara saba'in. Muka sa safaya muka lallaɓa zuwa cikin gari. Mai facin da na kai wa tayar ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, ka san shekarun tayar nan kuwa?" Na ce ai zanenta ma bai cinye ba. Ya yi murmushi, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin ɗan da'ira: 2314. Ya ce, "Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a mako na 23 na 2014. Ta girmi ɗana na fari." Ni da nake taƙama da karatun boko, a bakin titi na koyi wannan, daga mutumin da ko firamare bai gama ba. Abin da ya gani cikin daƙiƙa goma shi ne aikin da takardar aljihun motata ta ce an yi.

Ba don in ba da labarin kaina na kawo wannan ba, mai karatu. Na kawo shi ne domin na tabbata idan kana da mota, ko kana shiga ta ɗan'uwa, labarin takardar bai zo maka da mamaki ba. Haka abin yake a sassa da dama na ƙasar nan, har ya zama jiki. Gwamnatin Legas da kanta ta amsa wannan laifi a aikace lokacin da ta shelanta cewa daga watan Janairun 2022 ba za a ƙara bai wa kowa shaidar lafiyar mota ba sai ya kai motar an duba ta a cibiyoyin da ke amfani da na'ura. Ba a kafa doka irin wannan sai in da ma ana bayarwa ba tare da dubawa ba.

A tsarin Nijeriya, duba lafiyar ababen hawa aikin jihohi ne, ta hannun jami'an da muka fi sani da VIO, yayin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, take sintiri a kan manyan hanyoyi. Sai dai ƙafar dokar ba ta tsaya da kyau ba idan aka zo kan motar gida. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya, Kunle Edun, ya shigar, inda ta tabbatar da cewa dokar zirga-zirga ta Jihar Delta ba ta bai wa jami'ai ikon neman shaidar lafiyar mota daga mai motar da ba ta haya ba. A ranar 2 ga Oktoban 2024 kuma Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na Birnin Tarayya tsayar da motoci a hanya, ko kama su, ko cin masu su tara. Masu mota da yawa sun yi murna da hukunce-hukuncen nan, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ya taɓa ganin an tsalle an faɗa cikin motarsa a tsakiyar titi ana kokawar mukulli da shi ya san abin da ya sa. To amma a lura, kotunan ba su ce motar gida ba ta kisa ba. Abin da suka duba shi ne ko doka ta ba da wannan iko, suka ga ba ta bayar ba. Gyaran wannan yana hannun majalisun dokoki.

Ni ina ganin bambancin da ake yi tsakanin motar gida da motar haya, a yankinmu, ya fi ƙarfi a kan takarda. Duk wanda ya san Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ya san irin motocin da suke tsayawa a ƙofarsa cikin dare. Mace tana naƙuda a wani ƙauye ta wajen Harbo ko Aujara ko Gunka, an buga ƙofar malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ke da mota ɗaya tilo a unguwar, an shimfiɗa ta a kujerar baya, an taho a guje. Wannan motar gida ce a wurin hukuma, amma a daren nan ita ce motar asibiti. Ranar Asabar ita ce motar kai amarya, an cusa mata tara a wurin mutum biyar. Ranar Juma'a da yamma kuma, ma'aikacin da zai tafi Kano daga Dutse ya tsaya a Shuwarin ya ɗauki fasinja uku don ya rage kuɗin mai, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ko da ma mutum shi kaɗai yake hawa motarsa, ai ba shi kaɗai ne a titi ba. Birkin da ya ƙi kamawa ba ruwansa da launin lambar mota, yarinya mai tallar gyaɗa a Gujungu zai tarar.

Akwai wani abu kuma da ba kasafai muke haɗa shi da wannan magana ba. Jigawa tana cikin jihohin da ake yaba wa da kyawun hanyoyi, gwamnatocin da suka biyo juna sun zuba kwalta har cikin ƙauyuka, kuma abin godiya ne. Sai dai hanya mai kyau gudu take kira. Motar da a da ramuka suke tilasta mata tafiyar kilomita 50 a awa, yau tana yin 120 a kan taya ɗaya da birki ɗaya. Ilimin kimiyya ya nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya tana ninkawa sau huɗu. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40 kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, sannan ka ɗora tsohuwar taya wadda robarta ta bushe ta tsattsage. Man birki shi ma yana shan danshin iska a hankali, idan ya tsufa sai ya tafasa a lokacin da aka fi buƙatarsa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse. Shi ya sa masu ƙera motoci da dama suke cewa a sauya shi duk bayan kamar shekara biyu. Mu kuwa sai dai a ƙara idan ya ragu. Da daddare ga amalanken shanu babu ko ƙyallin fitila, ga mota mai ido ɗaya da za ka ɗauka babur ne sai kun yi gab da juna, ga wadda fitilarta take kallon sama tana kashe wa kowa ido, ga hazon hunturu.

Bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a daren 15 ga Oktoban 2024, inda gobarar tankar mai ta ci rayukan mutum sama da 200, hankalin kowa ya koma kan manyan motoci, kuma ya dace. Amma ƙaramar mota ba ta kisa da yawa a lokaci guda balle a kafa mata kwamiti. Uku take ɗauka yau, biyu jibi, a yi jana'iza a ce kwana ya ƙare. FRSC ta ce mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurran hanya a Nijeriya a 2024, kuma waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma.

Wasu ƙasashe sun daɗe da wajabta kai motar gida a duba ta lokaci-lokaci. A Birtaniya an fara a 1960, kuma yadda aka fara ɗin ne ya fi jan hankalina. Ba su ce kowace mota ba, ba su kuma ce komai da komai ba. Motar da ta kai shekara 10 kawai suka nema, abu uku kuma suke dubawa: birki, da fitilu, da sitiyari. Da tsarin ya zauna aka riƙa rage shekarun har suka koma 3 a 1967, aka riƙa ƙara abubuwan dubawa. Yau duk motar da ta cika shekara 3 sai an duba ta kowace shekara, a garejin 'yan kasuwa da gwamnati ta amince da su take kuma sa musu ido. Jamus da Japan suna fara dubawa bayan shekara 3 da sayen sabuwar mota, daga nan sai duk shekara 2. Faransa ta shigo sahu a 1992.

Gaskiya ta tilasta mini in kawo ɗaya ɓangaren, domin masu adawa da wannan tsari ba da ka suke magana ba. A Norway an taɓa yin gwaji da motoci 204,000, aka kasa su uku: wasu ana duba su kowace shekara, wasu sau ɗaya a shekara uku, wasu ba a duba su sam. Sakamakon da aka wallafa a 1992 bai nuna wani bambanci a yawan haɗurran da suka yi ba. A Amurka, hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta tarayya ta fitar da rahoto a 2015 wanda ya ɗora musabbabin ƙarshe na kashi 94 cikin 100 na haɗurra a kan direba, kashi 2 kacal a kan lalacewar mota. Jihohin Amurka da yawa ba sa duba motar gida, Jihar Texas ma ta daina daga ranar 1 ga Janairun 2025. Mu ma a nan, duk shekara FRSC gudun wuce kima take sawa a sahun gaba. Saboda haka wanda ya ce a bar mota a kama direba, yana da hujjar da za a saurara.

Na saurara, amma ban gamsu ba. Gwajin Norway an yi shi ne a ƙasar da jami'ai suke duba motoci a bakin hanya ba zato, kuma mai mota yana da halin gyara da al'adar gyara; ko ba a kira shi ba zai sauya tayarsa. Idan ka gwada magani a kan masu lafiya ka ga bai ƙara musu komai ba, ba ka tabbatar da cewa ba ya yi wa maras lafiya amfani ba. Motocinmu kuwa daga ina suke? Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a watan Oktoban 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 nasu Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ake lodawa daga tashoshinsu ya gano yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma yawancinsu ba su da shaidar lafiya mai aiki a lokacin da aka fitar da su. Wato motar da ta faɗi jarrabawa a can, ko mai ita ya san za ta faɗi, ita ce take sauka a Kwatano ko Legas, a wanke ta, a kira ta sabuwa 'yar Beljiyam, ta yi shekara biyar a Kano kafin ta iso hannun malamin makaranta a Jahun. Alƙaluman da aka tattara a kan motocin Oslo ba za su yi mana bayanin wannan mota ba.

Ko a cikin kashi 2 ɗin nan na Amurka, taya da birki ne suka ɗauki fiye da rabi, kuma su ne ainihin inda muka fi rauni. Shigo da tsofaffin tayoyi yana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta, amma ga su nan jibge a kowace kasuwar kayan mota, wasu an ƙara musu zane da wuƙa don su yi kama da sababbi. Sannan idan haɗari ya faru a kan hanyar Kiyawa, wa yake shiga ƙarƙashin motar ya ga ko sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa ce ta tsinke? Ana rubuta cewa mota ta ƙwace wa direba. Me ya sa ta ƙwace, ba a cika bi ba. Ina zargin da yawa daga abin da muke kira gudu, gudu ne da ya haɗu da taya irin tawa.

Ba na son a fahimce ni da cewa ina roƙon gwamnati ta ƙirƙiro sabon haraji. Nan ne ma tsorona yake. Akwai wani abin dariya a labarin Texas: da suka soke dubawar, ba su soke kuɗin ba, har yau mai mota yana biyan dala 7.50 a shekara a madadin dubawar da ba a yi. Da na karanta sai na ce ashe sun biyo sahunmu, sai dai su sun faɗa a fili. Mu mun daɗe a wannan matsayi, ana biyan kuɗin duba mota, ana karɓar takarda, motar ba ta ga kowa ba. Idan gobe aka wayi gari aka ce an ba wani kamfani kwangilar kafa cibiya guda a Dutse, kowa ya kawo motarsa ya biya ninkin abin da yake biya, to an san abin da zai biyo baya. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta. Mutumin Birniwa ko Gwiwa ko Maigatari ba zai ƙona man dubban nairori ya kwana a layi ba, zai nemi yaron nan nawa ne, farashin ledar ya tashi, shi ke nan. A lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, sabuwar taya guda kuma tana iya cinye rabinsa ko fiye, dokar da ta ce a sauya komai yau ko a kama mota doka ce da aka rubuta domin a karya.

Abin da nake gani shi ne mu fara kamar yadda Birtaniya ta fara, da kaɗan. Abubuwan da suke kisa ƙalilan ne, kuma yawancinsu ba sa buƙatar kwamfuta: taya, shekarunta da zurfin zanenta, wanda a Turai ba a yarda ya gaza milimita 1.6 ba, birki, ko yana kamawa daidai a kowace ƙafa, ko yana yoyo, sitiyari da mahaɗan ƙafafun gaba, fitilu na gaba da na baya da na birki, gilashin gaba da abin share masa ruwa, bel ɗin kujera. Hayaƙi da fenti da sauran ƙawa su jira. Rami guda, da fitilar hannu, da bango mai layi don auna saitin fitila, da mutum mai ido da amana, sun isa rabin aikin. Na'urar da take juya ƙafafun mota ta auna ƙarfin birki ita ce mai ɗan tsada, kuma akwai irinta da ake ɗorawa a bayan mota a zaga da ita. A sa guda a hedikwatar kowace masarauta, Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, a samu ta tafi-da-gidanka mai bin manyan kasuwanni irin su Gujungu da Shuwarin da Sara da Maigatari a ranakun da suke ci, tunda a can motocin suke taruwa da kansu.

Kuɗin kuwa, wanda muke biya yanzu shi ne kuɗin. Kada a ƙara ko kwabo, a dai yi aikin da ake karɓar kuɗinsa. Wanda motarsa ta faɗi a rubuta masa abin da zai gyara, a ba shi wa'adi, ya dawo a sake dubawa kyauta, domin muddin faɗuwa tana kawo wa mai dubawa ƙarin kuɗi, to kowace mota faɗuwa za ta yi, muddin kuma ana iya sayen cin jarrabawa, kowace za ta ci. A raba mai dubawa da mai karɓar kuɗi. A ɗauki hoton motar a kan ramin tare da lambarta da kwanan wata, wayar hannu ta isa yin wannan. Duk wata uku a buga a jarida mota nawa aka duba a kowace cibiya, nawa suka faɗi, a kan me. Cibiyar da ta duba mota dubu babu ko ɗaya da ta faɗi, ta tona wa kanta asiri.

Ba lallai ne ma'aikatan gwamnati su yi komai ba. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, da ta Hussaini Adamu a Kazaure, da ta Binyaminu Usman a Haɗejiya. Za su iya horar da bakanikai da masu faci na 'yan makonni, a ba su shaida, a yi wa garejinsu rajista, wanda aka kama ya sa hannu a kan motar da bai gani ba a karɓe shaidar a bayyana sunansa. Mai facin nan na Jahun ya riga ya san rabin karatun. Abin da ya rasa shi ne ikon ya ce wa mai mota a'a. Bakanikenmu ya saba da kalma ɗaya daga bakinmu, "a lallaɓa", sai ya ɗaure da waya, ya toshe bututun birkin ƙafar da take yoyo motar ta koma birki uku, ya cire ƙwan fitilar gargaɗin da ta dame mu a gaban sitiyari. Mu muke sa shi, shi kuma yana tsoron mu koma wurin maƙwabcinsa.

Kuma a fara da motocin gwamnati. Motocin asibiti, da na ƙananan hukumomi, da bas-bas na makarantu, da jerin gwanon manya, su fara hawa ramin a gaban jama'a, a ga waɗanda suka faɗi. Shekara ta farko a bar motar gida ta zo da ra'ayin kanta, ba tara, ba kamu. Idan talaka ya ga an mayar da motar shugaban ƙaramar hukuma saboda taya, zai yarda abin ba tarko ba ne. Majalisar Dokokin Jiha kuma ta zauna ta karanta hukuncin Asaba da na Abuja da idon basira, ta fayyace a dokarmu wace mota za a duba, daga shekara nawa, wa zai duba, me zai duba, kuma ta rubuta ƙarara cewa wurin dubawa cibiya ce, ba tsakiyar titi da sanda ba. Gwamna Umar Namadi akanta ne, ya san bambancin rasit da kaya.

Saura mu masu motocin, domin ba zan ɗora wa hukuma komai in wanke kaina ba. Ni na ba da kuɗin, ni na karɓi ledar, ni na sayi tayar gwanjo ina murnar na samu araha, ni kuma na ɗauki gwaggona na sa a kanta. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantarwa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an yi bayanin cewa wanda yake kan dabba, ko yake jan ta, ko yake kora ta, yana ɗaukar lamunin abin da ta taka. Kisan kuskure kuma an san yana da diyya da kaffara. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa ba, amma ina roƙon malamanmu na Dutse da Jahun da Kiyawa su ɗauki wannan mas'ala a mumbari: mutumin da bakanike ya gaya masa birkinsa ya mutu, ya ce a lallaɓa, ya fita ya take ɗan wani, mene ne matsayinsa? Muna jin huɗuba a kan tauye mudu, kuma daidai ne. Takardar da ta ce an duba alhali ba a duba ba, wane suna shari'a take ba ta, kuma mai saye da mai sayarwa wa ya fi wani? Mun iya cewa ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce, amma malaman nan su suka koya mana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Gobe da safe, kafin ka tayar da mota, ka durƙusa ka nemi lambobin nan huɗu a gefen kowace taya, har da safaya. Jami'an FRSC sukan yi gargaɗi tun daga shekara 4, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa ko yaya zanenta yake kada ta wuce shekara 10. Ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka birki ya gaya maka ko fitilun sun kama. Ka jingina gaban motar da bango da magariba ka ga inda hasken yake sauka. Ni da na yi haka bayan dawowata daga Jahun, na tarar biyu daga cikin ukun da suka rage sa'o'in wadda ta fashe ne. Sai da na yi wata uku ina sayen ɗaya-ɗaya, motar tana ajiye ina hawa ta haya.

Takardata za ta ƙare a watan gobe, yaron ma har ya bugo mini waya yana tuna mini. Na ce masa bana da kaina zan zo, kuma da motar zan zo, ina son a nuna mini wanda zai duba ta. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Yallaɓai, ka dai kawo takardun. Motar in ka kawo ta, ina za mu ajiye ta?"